Ƙanƙara a Kwarin Alazani

Tun zakara bai gama shawara da kansa ba
na zura hannu a tanderu,
na manna gurasa goma sha huɗu a bango.
Tedo ya aiko tun jiya: Makwala, baƙi bakwai ne,
ɗaya ba ta cin nama,
ɗaya ko jaki bai taɓa hawa ba.

Nakan ji su kafin in gan su:
kofato a kan tsakuwar rafi,
dariyar mutumin da cinyarsa ta soma gaya masa gaskiya,
sai Tsisana, tsohuwar goɗiya,
wadda ta san ƙofata fiye da linzami.
A gindin tuffa take tsayawa,
mahayi ya so ko ya ƙi.

Suka sauko suna taku irin na agwagi.
Na jera musu a inuwar rumfa
cuku mai gishiri daga kan tsauni,
gauta naɗe da tafarnuwa,
wake a 'yar tukunyar ƙasa,
da tsiren da Tedo ya gasa da busassun rassan inabi.

Sannan muka shiga ɗakin sanyi.
Na kankare yumɓu, na kawar da dutsen bakin randa,
randar da kakan mijina ya binne har wuya.
Moɗa ta nutse cikin duhu, ta fito da launin zuma.
Wani mai tabarau ya kaɗa kofi, ya kai hanci,
ya ce yana jin ɓawon lemo da hayaƙi da busasshen fure.
Na ce, to.
Ni abin da nake ji a ciki
ciwon bayan Otar ne a kakarsa ta ƙarshe,
ya yanka nono biyu ya dafa ƙugu,
ya yanka nono biyu ya dafa ƙugu.
Ban faɗa ba. Ba shi baƙo ya biya ba.

Tsisana ce ta fara sani.
Ta yi haniniya sau ɗaya, iska ta ɗauke,
hadari ya gangaro daga Kafkas, baƙi ƙirin, cikinsa fari.
Ƙanƙara ta sauko kamar ƙwan tattabara.
Baƙi suka ɗaga wayoyi suna sowa.
Ni agogo na duba.
Minti goma sha ɗaya.

Da ta lafa, gonar ta yi warin ɗanyen ganye.
Layi arba'in, ko ɗaya ba ta tsallake ba.
Saura mako uku mu yanka.

Mai ƙin nama ta mayar da wayarta aljihu.
Ta durƙusa a taɓo, ta cika malafarta da fasassun 'ya'ya,
ta miƙo mini da hannu biyu
sai ka ce zan iya mayar da su bisa reshe.
Dariya ta kufce mini, na karɓa.
A bayan rumbu kuwa, wanda bai taɓa hawan jaki ba
yana riƙe da ragamar dawaki uku,
goshinsa ya kumbura, bai saki ba.

A garinmu ba a sha a yi shiru.
Tedo ya cika ƙaho, ya rasa ta cewa, ya ba ni.
Na ce: in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyan kai.
Saiwa na nan. Randa na nan.
Ku sha na bara, bana ta tafi.
Mai tabarau ya kurɓa,
wannan karon bai ce yana jin komai ba.

La'asar sakaliya suka hau.
Tsisana ta saci tuffa ɗaya daga ƙasa, mai tabo.
Tedo ya waiwayo daga bakin rafi,
ya ɗaga yatsu tara.

Gobe ke nan.
Bari in jiƙa wake.